SARKIN KANO MUHAMMADU RUMFA (1463–1499) DA GINE-GINEN TARIHI NA BIRNIN KANO

1.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi bayani ne a kan rayuwar Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki a ƙarni na goma sha biyar. Za a dubi asalinsa da yanayin zamanin da ya taso a ciki, da sauye-sauyen da ya kawo, musamman ta fuskar gini da tsarin gari. Dalilin ba wannan fanni fifiko shi ne, mafi yawan wuraren tarihin da Kano take alfahari da su a yau, wato Gidan Rumfa da Gidan Makama da Kasuwar Kurmi da wani babban sashe na badala, duk suna komawa ne ga zamaninsa. Rumfa sarki ne da ya bayyana manufofin mulkinsa ta hanyar gini. Saboda haka, wanda ya fahimci dalilin da ya sa aka ajiye kowane gini a inda yake, ya kama hanyar fahimtar mutumin da ya ba da umarnin gina shi.

Babban tushen labarin Rumfa shi ne Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci, H. R. Palmer ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1908, daga baya kuma fassararsa ta Hausa ta fito a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. Akwai kuma rubuce-rubucen Shaihu Maghili, da labaran baka, da su kansu gine-ginen.

2.0 Asalinsa da Zamaninsa

Muhammadu Rumfa ɗan Sarkin Kano Yakubu ne (1452–1463), jikan Sarki Abdullahi Burja (1438–1452). Sunan mahaifiyarsa Faɗimatu, mutuniyar Rano. Shi ne sarki na ashirin a jerin sarakunan da suka faro daga Bagauda, wanda aka ce ya hau mulki a shekarar 999.

Rumfa ya taso a lokacin da Kano take buɗe ƙofofinta ga duniya. A zamanin kakansa aka buɗe hanyar fatauci wadda ta haɗa Barno da Gwanja, raƙuma kuma suka yawaita a ƙasar Hausa. A zamanin mahaifinsa Fulani malamai suka zo daga Mali da littattafan tauhidi da na lugga, ƙari a kan na fiƙihu da hadisi waɗanda aka riga aka sani. Gishirin Azbin ya wadata, Barebari da Larabawa suka riƙa zuwa suna zama. Ke nan tun yana ɗan sarki, Rumfa ya ga garin da jama'arsa da dukiyarsa suka fi ƙarfin tsohon tsarinsa.

A maƙwabta ma irin wannan sauyi ake ciki. A Katsina akwai Muhammadu Korau, wanda ake danganta hasumiyar Gobarau da zamaninsa. A Zazzau akwai Muhammadu Rabbo. A Barno, Mai Ali Gaji ya kafa sabon babban birni a Gazargamu. A yamma kuwa daular Sanwai ce take bunƙasa a hannun Sonni Ali (1464–1492), sannan Askiya Muhammadu, wanda ya karɓi mulki a 1493. Duk waɗannan sarakuna suna fuskantar matsala iri ɗaya: yadda za a riƙe ƙasa mai faɗi, mai baƙi da yawa, a ƙarƙashin tsari guda.

Labaran baka na Kano sun nuna cewa kafin ya hau gadon mulki, Rumfa ya riƙe sarautar Makama, kuma ya zauna a gidan da har yanzu ake kira Gidan Makama. Ya zama sarki a 1463.

3.0 Sauye-sauyen da ya Kawo

Tarihin Kano ya lissafa abubuwa goma sha biyu da Rumfa ya fara. Za a iya kasa su gida uku.

Kashi na farko ya shafi gini da tsarin gari: gina sabuwar fada, faɗaɗa ganuwa, da kafa Kasuwar Kurmi. Kashi na biyu ya shafi tafiyar da mulki: kafa majalisar nan ta Tara ta Kano, wadda ta ƙunshi manyan hakimai irin su Galadima da Madaki da Makama, da kuma danƙa wasu muƙamai, kamar Ma'aji da Sarkin Ƙofa, a hannun babanni, mutanen da ba su da 'ya'yan da za su nema wa gado, don haka biyayyarsu ga sarki kaɗai take. Kashi na uku ya shafi kwarjinin sarauta da al'adun fada: busa kakaki, amfani da figini, sanya takalman gashin jimina, tafiya da dawakin zage a wajen yaƙi, kulle, da yin sallar Idi a Shadakoko.

Ba duka waɗannan abubuwa ne za a yaba ba. Tarihin ya ambaci cewa shi ya fara kame, wato ɗibar 'yammata daga wasu gidajen bayi ana kai su fada, kuma ya tara mata da yawan gaske a gidansa. Haka nan ayyukan gini masu girma irin nasa ba sa yiwuwa a wancan zamani sai da ƙarfin bayi da aikin gayya na talakawa. Ya kamata ɗalibi ya riƙe wannan a zuciya: katangar da ake yaba wa sarki, kawunan dubban mutanen da tarihi bai ambaci sunayensu ba ne suka ɗauki ƙasarta.

Ta fuskar yaƙi, Rumfa ya kara da Katsina har tsawon shekara goma sha ɗaya ba tare da wani ya rinjayi wani ba. Wannan ya nuna cewa sunan da ya bari bai dogara da cin garuruwa ba. Ya dogara ne da abin da ya tsara a cikin gida.

4.0 Rumfa da Shaihu Maghili

A wajajen 1492, Shaihu Muhammadu ɗan Abdulkarim al-Maghili, mutumin Tilimsan a ƙasar Aljeriya ta yau, ya iso Kano. Rumfa ya karɓe shi hannu biyu-biyu, ya kuma nemi shawararsa a kan mulki. Sakamakon haka Maghili ya rubuta masa littafin nan mai suna Tajuddini fima yajibu alal Muluki, wanda ya ƙunshi babi takwas. Babobin sun yi magana a kan kyautata niyya, da kamalar sarki, da tsara ma'aikatan hukuma, da yin hattara a gida da wajen tafiya, da binciken al'amura, da adalci a shari'a, da tara dukiya ta hanyar halal, da kashe ta a inda ya dace. Gargaɗin da Shaihun ya fi nanatawa shi ne haɗarin da ke tattare da ɓuyar sarki daga talakawansa. Ya kuma rubuta masa wata wasiyya a kan hana jama'a aikata haram. Bayan shekaru sama da ɗari uku, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙanensa Abdullahi sun kafa hujja da rubuce-rubucen Maghili a cikin littattafansu.

Tarihin Kano ya nuna cewa bisa shawarar malamin da ya zo daga ƙasar Larabawa ne Rumfa ya gina masallacin Juma'a, aka sare bishiyar tsafi, aka gina hasumiya a gurbinta. Zuriyar Sidi Fari, wanda Shaihun ya bari a Kano, su ne suka zauna a unguwar Sharifai. Wannan kusanci da malamai da Larabawa shi ya sa aka yi wa Rumfa laƙabi da Balaraben Sarki.

5.0 Gine-ginen Zamaninsa

5.1 Gidan Rumfa

Kafin Rumfa, cibiyar gari da mazaunin sarakuna suna kusa da Dutsen Dala ne, wurin da ke da alaƙa da Barbushe da bautar Tsumburbura. Rumfa ya bar wannan yanki, ya nausa kudu maso gabas, ya gina sabuwar fada a buɗaɗɗen fili a wajajen 1480. Wannan ƙaura tana da ma'ana biyu. Ta fuskar addini, ta raba sarauta da tsohon wurin tsafi. Ta fuskar siyasa kuwa, ta fitar da sarki daga tsakiyar tsofaffin gidajen masu faɗa a ji, ta ba shi wurin da shi ne ya shata iyakokinsa.

Faɗin gidan ya kai kimanin eka 33, an kewaye shi da doguwar katanga, tsawonsa kuma ya miƙe ne daga arewa zuwa kudu. An tsara shi bisa ƙa'idar gidan Bahaushe, sai dai an faɗaɗa komai. Kamar yadda baƙo yake tsayawa a zaure, aminin gida ya wuce shigifa, muharrami kaɗai ya shiga cikin gida, haka a fada ake bi ta soraye da filaye daki-daki, kowane mataki da irin mutanen da aka yarda su kai gare shi. Akwai wajen zaman fada da shari'a, da sashen bayin sarki, da barga, da cikin gida inda iyali suke. Ta wannan tsari an haɗa abubuwa biyu masu wuyar haɗuwa: kulle da kwarjinin sarauta a ɓangare guda, da kuma buɗe ƙofa ga mai ƙara a ɗaya ɓangaren, kamar yadda Maghili ya yi gargaɗi.

Sarakunan da suka biyo baya sun yi ta ƙari da gyara. Misali, Ƙofar Kudu, wadda a yau ita ce fuskar gidan, ana danganta gininta da Sarki Abdullahi Maje Karofi a ƙarni na goma sha tara. Abin lura shi ne, gidan sarauta ya sauya daga Rumfawa zuwa Kutumbawa a 1623, ya koma hannun Fulani bayan jihadi a farkon ƙarni na goma sha tara, Turawa suka ci Kano a ranar 3 ga Fabrairu, 1903, amma duk da haka fadar Kano ba ta tashi daga inda Rumfa ya ajiye ta ba.

5.2 Gidan Makama

Gidan Makama yana kudu da fada, daura da Ƙofar Kudu. Bayan zuwan Turawa an yi amfani da shi a matsayin ofis, daga baya kuma ya zama mazaunin makarantar Midil ta Kano, wadda aka kafa a 1927, wadda ita ce ta zama Kwalejin Rumfa. A 1959 aka sanya shi cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa. Wani sashe nasa gidan adana kayan tarihi ne a ƙarƙashin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, inda aka ajiye tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da kayan yaƙi da na sana'o'i da hotuna. Ga mai nazarin gini, gidan kansa shi ne babban abin kallo, domin a nan ake ganin kaurin bango da rufin azara da zanen da magina suke yi a jikin soro.

5.3 Badala da Ƙofofinta

Ba Rumfa ne ya fara ganuwar Kano ba. Sarki Gijimasu (1095–1134) ya aza harsashinta, ɗansa Yusa ya kammala. Abin da Rumfa ya yi shi ne faɗaɗa ta domin ta haɗiye sabuwar fada da filayen da ke kewaye da ita. Tarihin Kano ya ambaci Ƙofar Mata da Ƙofar Na'isa da Ƙofar Kansakali a cikin wuraren da aikin ya shafa. An sake yin wani ƙari a zamanin Muhammadu Nazaki (1618–1623), har kewayen badala ya haura kilomita 17.

Amfanin badala bai tsaya ga tare abokan gaba ba. An bar gonaki da kududdufai da wuraren kiwo a cikinta domin gari ya iya jure wa tsare na tsawon lokaci, mutanen karkara kuma su sami mafaka. A da, kowace ƙofa tana da Sarkin Ƙofa mai lura da shige da fice, ana rufe ta da dare. Ta haka hukuma take sanin wanda ya shigo da abin da ya ɗauko.

Badala ce kuma ta raba Kano gida biyu, wato Birni da Waje. A gabas da Ƙofar Mata akwai Fagge, inda ayarin fatake, musamman Buzaye masu raƙuman gishiri, suke yada zango kafin su shiga gari. Ana danganta sunan unguwar da kalmar fage. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kuma kafa Sabon Gari a 1913 domin baƙin da suka zo daga kudu, sai Waje ya ci gaba da faɗaɗa a kan wannan tsohon tsari na saukar da baƙo a bayan ganuwa. Unguwannin Ƙaramar Hukumar Fagge na yau, har da Kwaciri, suna cikin wannan yanki. Saboda haka ko wanda bai taɓa kwana a cikin Birni ba, kalmar Waje da yake amfani da ita kullum tana auna matsayin unguwarsa ne da katangar da Rumfa ya faɗaɗa.

5.4 Kasuwar Kurmi da Masallacin Juma'a

Sunan Kurmi ya nuna yadda wurin yake kafin a share shi: duhuwar bishiyoyi a bakin Jakara. Rumfa ya mayar da shi babbar kasuwa guda a tsakiyar gari, tsakanin tsohon yankin Dala da sabuwar fada. Tara ciniki a wuri ɗaya ya sauƙaƙa karɓar haraji da daidaita awo da sasanta rigingimu, ya kuma ba baƙon ɗan kasuwa amincin da yake bukata. An kasa kasuwar layi-layi bisa sana'a, kamar dukawa da masu sirdi da linzami da 'yan turare da 'yan littattafai. Tsarin ya burge matafiya irin su Clapperton a 1824 da Barth a 1851, wanda ya bayyana yadda tufafin Kano suke kaiwa har Tarabulus da Tambutu. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, tana cikin wuraren da suka ciyar da wannan ciniki.

Masallacin Juma'a ya sha gyara da sabuntawa. Ginin da yake tsaye yanzu a arewacin fada an yi shi ne a zamanin Sarki Abdullahi Bayero (1926–1953). To amma ƙa'idar da aka kafa tun zamanin Rumfa, ta haɗa fada da masallaci da kasuwa a cikin ganuwa ɗaya, ita ce ta zama abin koyi a biranen ƙasar Hausa.

6.0 Fasahar Ginin Ƙasa

Duk waɗannan gine-gine da ƙasa aka yi su. Magina suna haƙo jar ƙasa, su cuɗa ta da ruwa da ciyawa, su bar ta ta tsima, sannan su mulmula tubali mai siffar ƙwai, a shanya shi a rana. Ana jera tubalin ne da faɗinsa a ƙasa, bango kuma ya fara da kauri daga gindi yana sirancewa zuwa sama. Ramukan da aka ɗebi ƙasar su ne suka zama kududdufai. Wajen rufi ana amfani da azara, wadda ake tsagowa daga giginya, saboda gara ba ta cika cin ta ba. Tun da azara ba ta iya ɗaukar nauyi a kan tazara mai faɗi, sai magina suka ƙirƙiro bakan gizo da ɗaurin guga, inda ake ɗaure azara a kan azara a lulluɓe da ƙasa har a rufe soro mai faɗi ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba. Wannan fasaha ta kai ƙololuwarta a ƙarni na goma sha tara a hannun Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya. Domin kare bango daga ruwa ana shafe shi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko laso, wanda ake haɗawa da katsin marina. Indararo yana zubar da ruwan sama nesa da bango, zankwaye kuma suna ƙawata kan soro.

Ginin ƙasa yana da sanyi da rana, yana da ɗumi lokacin hunturu, amma yana da sharaɗi: sai an yi masa yaɓe a kai a kai. Don haka ba a cewa kowane bangon da ake gani a yau shi ne ainihin wanda maginan Rumfa suka ɗora. Abin da ya wanzu shi ne wuri da tsari da suna, da kuma ilimin da magina suka riƙa miƙa wa 'ya'yansu.

7.0 Rasuwarsa da Abin da ya Bari

Rumfa ya rasu a 1499, bayan shekara talatin da bakwai a kan mulki bisa lissafin Tarihin Kano. Ɗansa Abdullahi (1499–1509) ya gaje shi. Matarsa Madaki Auwa, mahaifiyar Abdullahi, ta yi ƙarfin faɗa a ji a zamanin ɗanta da na jikanta Muhammadu Kisoki (1509–1565). Sarakunan da suka fito daga tsatsonsa su ake kira Rumfawa.

A 2007 Nijeriya ta shigar da badala da Dutsen Dala da Kasuwar Kurmi da Gidan Rumfa cikin jerin share fage na wuraren tarihin duniya na hukumar UNESCO. A 2024 kuma hukumar ta sanya Hawan Sallah na Kano cikin al'adun gado na bil'adama. Al'adar fitar sarki ta Ƙofar Mata zuwa filin Idi, da kakaki da figini, tana tuna abubuwan da aka ce Rumfa ya fara.

Sai dai halin da wasu wuraren suke ciki abin damuwa ne. Tun da aka daina gayyar gyaran ganuwa bayan 1903, ruwan sama ya yi ta cin ta, masu gini suka yi ta ɗibar ƙasarta, gidaje da shaguna suka hau kanta, har ta ɓace a wurare da dama. An sake gina ƙofofi da yawa da siminti domin faɗaɗa tituna, kamar yadda aka yi wa Ƙofar Na'isa a 2010. Fada ta rayu saboda ana zaune a cikinta, kasuwa ta rayu saboda ana ci, amma badala da ta rasa aikin yi ta rasa mai kula da ita.

8.0 Kammalawa

A wannan babi an ga yadda Muhammadu Rumfa ya gaji gari mai bunƙasa, ya sake masa cibiya, ya haɗa mulki da addini da ciniki da tsaro a cikin tsari ɗaya. An kuma ga cewa ginin ƙasa ba ya rayuwa sai da kulawar mutane. A nan ne aikin malamin Hausa ya shigo. Kalmomi irin su badala da azara da makuba da zanko suna ɓacewa daga bakin yara gwargwadon yadda abubuwan suke ɓacewa daga idanunsu. Malamin da ya kai ɗalibansa Gidan Makama ko wata ƙofar gari, ya sa suka tattara sunayen sassan gini daga bakin magina, ya koyar da harshe da tarihi da al'ada a darasi ɗaya.

Tambayoyin Bita

1. Bayyana yanayin ƙasar Hausa da maƙwabtanta a lokacin da Rumfa ya hau mulki.
2. Kawo dalilai biyu da suka sa ƙaurar fada daga yankin Dala take da muhimmanci.
3. Wace alaƙa ce tsakanin badala da kafuwar Fagge da Sabon Gari?
4. Yi bayanin waɗannan kalmomi: tubali, azara, bakan gizo, makuba, laso, indararo.
5. Tsara darasi na minti arba'in ga 'yan ƙaramar sakandare a kan wani wurin tarihi da ke kusa da makarantarku.